Katanga ta danne ƙafa, me ya haɗa ta da ƙoda?

Abban Khairat:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani. Ruwan nan da aka kwana ana yi satin da ya wuce ya kayar da katangar ƙasa a unguwarmu, ta danne ɗan maƙwabcinmu yana kwance a soro, daga cinya zuwa ƙasa, tun kafin asuba sai da rana ta ɗaga sosai aka samu aka ciro shi. Wlh da aka ciro shi garau yake magana har yana tambayar ina wayarsa, mai ɗori ya duba ya ce ba karaya, aka sayo masa diclofenac a kemis aka ce ya kwanta ya huta. Washegari fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ƙafar ta kumbura suntum, daga nan fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, yanzu haka yana asibiti ana masa wankin ƙoda. Abin da ya ɗaure min kai, ƙafa aka danne, ina ruwan ƙoda? Kuma me ya kamata mu yi tun farko?

Sista Maman Amir:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya Malam. Ni nas ce kuma na yi aiki a ɗakin taimakon gaggawa, abin nan sananne ne a wajenmu. Idan nauyi ya daɗe a kan tsoka jini ba ya zagawa, tsokar sai ta fara mutuwa tana fashewa, abubuwan da ke cikinta su zubo, manya daga ciki su ne fotasiyam da wani sinadari da ake kira mayoglobin. Duk tsawon lokacin da katangar ke kansa suna nan tare a ƙafar, ana ɗagawa jini ya kwashe su ya zaga da su jiki. Fotasiyam idan ya yi yawa zuciya yake rikitawa, mutum yana cikin magana da kai sai kawai ya tafi. Shi kuma mayoglobin ƙoda yake toshewa, shi ne ya sauya masa kalar fitsarin nan da ka gani. Ga kuma ruwan jikinsa da ke tsiyayewa cikin tsokar da ta kumbura, lita-lita fa, sai jinin da ke isa ƙodar ya ragu. Sannan aka ɗora masa diclofenac, wanda shi kansa yana wahalar da ƙoda idan jiki ba ruwa, haka ibuprofen. Gsky wannan ya fi min ciwo don abu ne da ake yi kullum da kyakkyawar niyya.

Ɗan Tasha:
Allah Ya sawwaƙe. Mu a harkar mota an taɓa faɗa mana idan tirela ta danne mutum ya daɗe kar a ɗaga sai likita ya zo, ko kuma a ɗaure ƙafar tamau da igiya tukunna don kar gubar ta hau sama. Haka ne Sista?

Dakta Abu Safwan:
Ɗan uwa akwai gyara a nan. Kar a bar mutum a ƙarƙashin nauyi da sunan jiran likita, musamman a irin garuruwanmu da motar asibiti za ta iya ɗaukar awanni, duk ƙarin lokaci ƙarin tsoka ce ke mutuwa, idan kuma ƙirji ko ciki aka danne ai numfashi ne zai fara kashe shi. Abin da ake so a haɗa biyun, wasu na tono wani ya kira layin gaggawa na 112, ko 122 na jami'an kiyaye haɗurra idan a kan titi ne, wani kuma ya ruga ya ɗauko ma'aikacin lafiya mafi kusa ya zo da ƙarin ruwa. In dai hannu ɗaya ya fito ana iya sa masa dirip yana ƙarƙashin ginin, nomal salin wato ruwan gishiri na asibiti, babba kusan lita 1 a awa a farkon lokacin sannan a rage, yara da tsofaffi ƙasa da haka. Ba a sa ruwan da ke da fotasiyam a ciki, kuma kar a ba shi ayaba ko lemo ko ruwan kwakwa wai don ya samu ƙarfi, su ma akwai fotasiyam a cikinsu. Maganar igiya kuwa, ana ɗaure gaɓa ne idan jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa da dannewa, a rubuta lokacin da aka ɗaure, in ba haka ba ƙafar kawai za a ƙara kashewa.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. A 1941 wani likita Eric Bywaters da abokin aikinsa suka yi bayaninsa a Landan, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai, a ciro mutane daga ɓaraguzai lafiya lau bayan 'yan kwanaki su mutu da ciwon ƙoda. Girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 ta sake nuna shi, a ta Marmara a Turkiyya ta 1999 mutum 639 suka samu matsalar ƙoda, 477 sai da aka musu wanki. Mu ba mu da girgizar ƙasa irin tasu amma ga benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a 2021, ga makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024, ga ramukan haƙar zinare a Zamfara da Neja, ga gidajen ƙasa duk damina. Injin wankin ƙoda kuwa sai manyan asibitoci, kuɗinsa ba na talaka ba ne, ledar ruwan da aka sa da wuri ita ke hana a kai can.

Sista Maman Amir:
Na gode Dakta. In ƙara da ƙafar kanta, idan ta kumbura ta yi tauri, ciwon ya wuce misali musamman in an motsa yatsu, ko ya ce ba ya jin taɓi, to matsi ne ya taru a cikin tsokar, wani lokaci sai an shiga tiyata an tsaga an sassauta cikin awanni kaɗan in ba haka ba a rasa ta. Ba a murza ta, ba a gasawa da ruwan zafi, ba a ɗaure ta da karare. Ni ba na raina masu ɗori amma dan Allah a irin wannan asibiti tukunna, ko da mutum ya tashi da ƙafarsa yana cewa ba komai. Kuma in kun je ku faɗa musu awa nawa ya yi a danne, su auna zuciya da jini, su sa robar fitsari a riƙa duba yawansa da kalarsa, a yi masa allurar tetanus in akwai rauni.

Abban Khairat:
Allah Ya saka da alheri Dakta da Sista. Zan karanta wa mutanenmu a masallaci bayan isha'i, don akwai katangu da yawa a layinmu da suka jiƙe kuma ruwan bai ɗauke ba.