Shawarwarin masu kiwon kifi a Katsina

Jama'a ga abin da na tsinta a zamanmu da masu kiwon tarwada. Kowa kukansa abincin kifi, shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, shi ya sa wasu suka ce a gwada tsutsar baƙin ƙuda da ake ta bincike a kanta maimakon garin kifin da ake haɗa abincin da shi, ni dai na ga da ma'ana. Ruwan kwamin kuma kar a zubar, a ba alayyahu da tumatir, taki ne. Masuntan dam ɗin Zobe da na Jibiya kuwa don Allah a bar kamu da gidan sauro, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su tasa ba, balle zuba gamalin, maganin kashe ƙwari mai guba, a ruwa. Batun iri mai kyau, a tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta New Bussa a jihar Neja.