Biki da cin amarci a Zanzibar: akwai wanda ya taɓa haɗa su?

Amaryar Afrilu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. An sa ranar aurena watan Afrilu. Ni 'yar Kano ce, shi kuma a Abuja yake aiki. Da muka zauna muka lissafa abin da kamu da yini da dina za su ci, ga kuɗin hol, ga abinci, ga mai kiɗa, ga kayan rabo, sai ya ce me zai hana mu ɗebi mutum kamar goma sha biyar, iyaye da 'yan uwa na jiki da ƙawaye biyu ko uku, mu tafi Zanzibar a ɗaura a can, a yi 'yar walima a bakin teku. In an gama kowa ya dawo, mu kuma mu zauna mu ci amarcinmu. Ya zaɓi can ne saboda garin Musulmi ne, babu fargabar abin da za ka ci.

Ni dai abin ya kwanta min, don ba na son hayaniyar biki, kuma na gaji da ganin yadda anko yake raba ƙawaye. Sai dai har yanzu ban tunkari Hajiyarmu da maganar ba. Shin ya fi sauƙi da gaske? Yaya batun biza? Wane ɓangare na tsibirin ya fi dacewa?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ƙanwata. Harkar tikiti nake yi, don haka zan tsaya kan takardu.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya, kuma fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Haka ma na Nijar. Sai an nema tun daga gida ta intanet, hukumar shige da fice tasu ta duba ta amince, kuma ana ba da shawarar a nema kamar wata biyu kafin tafiya. Kowa da tasa ake dubawa. To ki ƙaddara ta mutum goma sha huɗu ta fito, ta waliyyinki ba ta fito ba, kuma an riga an biya otal. Wannan shi ne abin da nake tsoro a tsarin naku, ba kuɗin ba. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Kowa sai ya riƙe katin rigakafin ciwon shawara, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Tun daga watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata inshorar. Daga Kano hanyar da aka fi bi ita ce Ethiopian Airlines, a sauka Addis Ababa a canja jirgi. In akwai tsofaffi, ki sa wannan jiran a lissafi.

Sannan watan da kuka zaɓa. Daga Maris zuwa Mayu lokacin babbar daminarsu ne, Afrilu kuma tsakiyarta. Otal yana araha a lokacin, amma walimar bakin teku sai dai ku yi ta a ƙarƙashin rufi. Yuni zuwa Oktoba ne lokacin rani mai sanyi-sanyi.

Maman Hanifa:
'Yata, na aurar da 'ya'ya mata, bari in gaya miki abin da lissafinku bai ɗauko ba. Bikin Kano ba zai fasu don kun tafi Zanzibar ba. Mahaifiyarki ta yi shekaru tana kai wa mutane gudummawa, ta ɗinka ankon 'ya'yan wasu, ta kwana a gidajen biki tana tuƙa tuwo. Ranar da take jira ke nan. Ko kun tafi, sai ta yi yininta, sai gwaggonninki sun kai ki ɗakinki, sai dangin miji sun yi buɗar kai. Kin ga kun biya biki biyu ke nan. Kuma wa za ki cire a cikin goma sha biyar ɗin? Ki ɗauki ƙanwar Hajiya ki bar yayar Alhaji? Wannan maganar sai ta kai sunan ɗanki na fari ana yin ta.

Ɗaya kuma, ku 'yan zamani kuna mantawa da kunya sai kun shiga cikinta. Otal ɗaya da surukanki, ku haɗu da safe wajen karin kumallo washegarin ɗaurin aure? Ko loma ɗaya ba za ki iya kaiwa baki ba. Shi ma angon haka zai riƙa laɓe-laɓe yana gudun mahaifinki. Ina amarcin yake a nan?

Ki rage bikin, wannan na goyi bayanki. A soke dina, duniya ba za ta tashi ba. Amma a ɗaura a gida.

Malam na Tudun Wada:
Ta fuskar shari'a, wuri ba sharaɗi ba ne. In akwai waliyyi ko wakilinsa, da shaidu biyu adilai, da sadaki, da siga, aure ya ɗauru ko a ina ne. Amma an so a bayyana aure, kuma jama'ar da ke cika masallacin unguwa bayan Juma'a su yi muku addu'a ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya ba da zaman lafiya.

Ummu Khalil:
Mu can muka yi hutun amarcinmu, mu biyu kawai, bayan an gama komai a Kaduna. 'Yar uwa, wurin ya haɗu, amma akwai abin da hotuna ba sa nunawa. Cikin gari daban, otal-otal na bakin teku daban. A Stone Town za ki ga mata da baƙar abaya, masallatai a kowane lungu, kina jin kiran salla kamar kina gida. Amma manyan otal-otal na bakin ruwa Turawa ne suka cika su, da kayan wankansu, kuma ana sayar da giya a fili. Ni da maigidana mun kau da kai mun wuce. Ki yi tunanin Alhajinku da babbar riga da carbi a wannan wurin. Ni dai ba zan kai nawa uban ba.

In ku biyu ne, ku fara da Stone Town. Ku yi yawo a lungunan nan masu ƙofofin katako da aka sassaƙa, da magariba ku je Forodhani inda ake gasa kifi da su jatan lande a bakin ruwa, amma ku tambayi farashi kafin a zuba muku. Ku shiga kwalekwale zuwa tsibirin Changuu ku ga manyan kunkuru. Ku je gonakin kayan ƙamshi, kanumfari da kirfa da su masoro, za ki cika jaka da na girki. Shinkafarsu ta pilau kuwa har yau ina ƙoƙarin kwaikwaya.

Daga nan sai ku wuce arewa, Nungwi ko Kendwa. Can ruwa ba ya janyewa sosai, kusan kowane lokaci ana iya shiga. A gabas, su Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai kin yi tafiya mai nisa kafin ki taɓa shi, sai dai Jambiani ta fi shiru. Ku tafi da takardar shaidar aure, don otal da yawa sai sun gan ta suke ba da rangwamen amare. Dalar da za ku riƙe kuma ta zama sabon bugu, tsofaffin ba kowa ke karɓa ba.

Amaryar Afrilu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, maganar karin kumallon nan ta sa na yi dariya ni kaɗai, don ko a waya ba na iya doguwar gaisuwa da mahaifiyarsa. Na tura masa duk abin da kuka ce. Ya yarda a ɗaura a Kano a soke dina, amma yana nan kan bakansa cewa mu tafi a satin bikin, wai hutun da aka ba shi a wurin aiki ke nan. Abban Sadiq, in ruwan Afrilu ne matsalar, akwai inda za mu je ba tare da wahalar biza ba?

Abban Sadiq:
Maldives tana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, ita ma ƙasar Musulmi ce, kuma Afrilu ƙarshen raninsu ne. Sai dai tikiti da otal sun fi na Zanzibar tsada nesa ba kusa ba, kuma za su so ganin tikitin dawowa da shaidar kama otal. Ni a ganina ya nemi a raba masa hutun, kaɗan a Afrilu, sauran a Yuli. In ya yarda, ku turo a fara neman bizar da zarar an ɗaura.