Wane suna za mu ba zil na gidan Zildjian a Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana son rubuta tarihin gidan Zildjian, Armeniyawan da suka gaji ƙera abin kiɗan nan da Turawa ke kira simbal, Turkawa kuma zil. Faffaɗan ƙarfe ne zagayayye mai tudu a tsakiya, ana dukansa da sanda ko a gwara biyu. Sunan gidan ma daga nan ya fito: zil abin kiɗan, ji mai sana'ar, yan kuma ɗan wane a Armeniyanci. Kakansu Avedis ya gano haɗin ƙarfensa a Istanbul a 1618, yana ƙera wa makaɗan sojan Daular Usmaniyya, a 1623 kuma aka ba shi izinin barin fada ya buɗe maƙerarsa a unguwar Samatya. In rubuta kuge?

Malamin kiɗa: Wa'alaikumus salam. Kuge bai hau ba, Malam. Kuge baƙin ƙarfe ne, ƙirar ƙararrawa marar harshe, da ƙaho ake buga shi, amonsa gajere. Zil kuwa in an dake shi amon bazuwa yake yi yana shiii har ya lafa. Sambani ya ɗan kusa ta wajen gwarawa, amma shi ma baƙin ƙarfe ne mai zobba. Ƙararrawa kuma, ko da yake Turkawa na kiranta zil, Bahaushe ta makaranta zai tuna.

Maƙerin fari: Ku fara daga ƙarfen, don shi ne gadon gidan. Wannan aikin maƙeran fari ne, ba na baƙi ba. Tagulla ce: jan ƙarfe kashi 80, kuza kashi 20, da ɗan ɓurɓushin azurfa. Yawan ba sirri ba ne, kowa ya san shi. Sirrin yana wajen narkawa da haɗawa, shi ne ake miƙa wa magaji. Tagulla mai kuza haka gautsi gare ta, in ka ɗora ta a uwar maƙera da sanyi ka sa mata masaba tarwatsewa za ta yi kamar tangaram. Saboda haka ake zuba ta dunƙule-dunƙule, a gasa, a murje a inji, a mayar wuta, a juya ta a sake murjewa ta wata fuska, sau da yawa, don ƙarfin ya game ko'ina. Sannan a danna tudun tsakiya, a sake gasawa a tsoma a ruwa. Tsomawar nan ce ke sa ta yi laushin da za ta ɗauki dukan guduma, akasin baƙin ƙarfe da ruwa ke ƙara wa tauri. Bayan duka sai sassaƙa a inji mai juyawa, shi ke barin zanen nan zagaye-zagaye. In sassaƙa ta yi yawa baki ya yi siriri, daga nan tsagewa ke farawa. Duk sunan da bai ambaci tagulla ba ya bar rabin labarin.

Mai fassara: To faifan kiɗa fa? Siffar dai ta faifai ce.

Malamin kiɗa: A yau faifan kiɗa na garmaho ne ko na sidi, mai karatu zai ɓata. Faranti kuma abinci ne zai zo masa. Amma in aka haɗa shawararka da ta Baba maƙeri, faifan tagulla ya fito, jam'i faya-fayan tagulla. Mu gwada shi cikin tarihin mu ji ko zai zauna. Avedis na biyu ya kai faya-fayan tagullarsa baje koli a Turai a 1851, da ya rasu a 1865 ɗan'uwansa Kerope ya riƙe maƙera, daga sunansa aka samu tambarin K. Avedis na uku ya yi hijira zuwa Amurka yana sana'ar alawa, sai baffansa Aram ya rubuto masa a 1927 cewa gado ya zo kansa, suka kafa masana'anta a Quincy, jihar Massachusetts, a 1929. A can ne makaɗan jaz irin su Gene Krupa suka nemi faya-fayai marasa kauri. Bayan rasuwar Avedis na uku a 1979 'ya'yansa Armand da Robert suka rabu, Robert ya kafa nasa kamfanin faya-fayan tagulla, Sabian, a Kanada a 1981. Ka ga bayan ambato na farko faifai kaɗai ya wadatar.

Maƙerin fari: Ya zauna. Sassansa ma ba sai an yi aro ba: tudun tsakiya cibiya, gefe baki, sai hudar da ake rataye shi. Hudar nan in babu roba tsakaninta da sandar da ke riƙe ta, ƙarfe na cin ƙarfe har ta yi tsawo kamar kafar mabuɗi.

Mai fassara: Na gode, Baba, na gode Malam. Zan rubuta faifan tagulla, in sa zil kusa da shi a karon farko don bayanin sunan gidan ya fito. Zildjian kuma zan fassara shi da ɗan maƙerin faifan tagulla. Kuge na bar wa fada.