Muhawara: Kashe Rabin Silinda Don Tsimin Mai, Shi Ke Kashe Inji?

Baban Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan dabara ta kashe silinda 4 cikin 8 idan mota ta miƙe a titi ba kaya, asararta ta fi ribarta. Ni ganau ne. A-kori-kurata ta tashi wata safiya tana ƙas-ƙas-ƙas, jikinta na karkarwa. Da aka buɗe inji, lifta ɗaya (ɗan ƙarfen da ke ɗaga sandar bawul) ta maƙale a durƙushe, sandar da ke tura bawul ta lanƙwashe, kamshaf (sandar da ke juyawa tana ɗaga liftoci) ya cinye. Tsimin man shekara biyar bai biya gyaran ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma mu fara duba yadda abin yake aiki. Kwamfuta ce ke buɗe wa baƙin mai hanya, ƙarfin man ya tura wasu ƙananan fil a cikin liftar, sai ta saki, bawul ya zauna a rufe, a yanke wa silindar fetur. Ka taka totur, fil ɗin su koma mazauninsu kafin ƙiftawar ido. Ka ga duk rayuwar tsarin tana hannun baƙin mai. Mai ya yi datti, fil ya ƙi komawa.

Baban Khadija: Ban taɓa wuce lokacin juye ba, Injiniya.

Kawu Makaniki: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ƙanena. Na sha fito da lifta matacciya daga injin da cikinsa yake fes kamar sabo. Kuma tarihin abin ma ba shi da daɗi. Cadillac ta gwada shi a 1981 da injin V8-6-4, kwamfutar zamanin ta kasa, shekara ɗaya aka cire shi daga yawancin motocinsu. Da kamfanin GM ya sa nasa tsarin kashe silinda mai suna AFM a injin 5.3 na Silverado da Tahoe a 2007, sai ga kukan shan baƙin mai, har kamfanin ya fito da ƙarfen kariya da ake sawa a cikin kaskon mai.

Injiniya: Kawu, da girmanka, 1981 ba yau ba ce. Sannan ga injin Hemi 5.7 na motar Ram mai nasa tsarin da ake kira MDS, shi ma kamar AFM silinda 1, 4, 6 da 7 yake kashewa. Amma liftocin da ke cin kamshaf a wannan injin ba na waɗannan silindojin kaɗai ba ne, har na sauran huɗun ma suna mutuwa. To laifin wa ke nan?

Kawu Makaniki: Wannan kam gaskiyarka ce. Motar da ake bari tana silo awa da awanni ta fi kawo mini irin wannan ciwon. Sai dai ka amsa mini: me ya sa GM ba ta sa tsarin a injin fetur 6.6 na manyan a-kori-kurarta masu jan kaya ba?

Injiniya: Saboda motar da kullum take ɗauke da nauyi ba ta samun sararin kashe silinda, tsimin ba zai fito ba.

Maman Yusra: Ku yi haƙuri in sa baki. Tsimin nawa ne ma? A 2021 da aka yi ƙarancin sassan kwamfuta, GM ta fitar da wasu a-kori-kura ba tsarin, bambancin da aka bayyana mil 1 ne kacal a galan. Ni jif ɗina yara nake ɗauka a ciki, hankalina bai kwanta ba. Kawu, wannan 'yar na'urar da ake soka wa a ƙasan sitiyari ta hana kashe silinda, tana magani?

Kawu Makaniki: Rabin magani ce, 'yata. Tana hana liftocin saki da kamawa, amma suna nan a ciki da fil ɗinsu. Mai son rabuwa da su sai ya canza kamshaf da liftoci, a sake wa kwamfuta saiti, kuma garanti ya tafi. In injinki lafiya lau yake, kada ki buɗe shi. Ki riƙa juye da wuri da man da littafin motar ya ce, ki duba sandar awon mai duk mako.

Baban Khadija: Haka na yi, Kawu, kuma ta durƙushe.

Injiniya: Tun 2019 ma GM ta fito da sabon tsari mai suna DFM, inda kowace silinda cikin takwas ɗin ke iya kashewa.

Kawu Makaniki: Wato liftoci 16 masu fil maimakon 8. Shi ya sa hankalina ya ƙara tashi.