Neman shawara: atisayen ƙwallon kwando na ɗalibaina mata ya ƙi kankama

Assalamu alaikum. Malama ce ni a wata kwalejin ilimi a Kano, an ɗora mini kula da ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata. Fili ɗaya gare mu, na siminti, babu rumfa. Da an idar da la'asar maza sun mamaye shi har magariba, mu kuwa sai a ce mu zo ƙarfe biyu na rana, lokacin da simintin ke ƙona ƙafa ta cikin kambas. Suna 14 ne a takarda, masu zuwa ba sa wuce shida ko bakwai, biyar-biyar ba ta haɗuwa. Ga biyu sun fara kukan gwiwa. Don Allah ta ina zan kamo bakin zaren?

Tsohon Koci: Wa alaikumus salam, Malama. Mutum shida ai sun ishe ki. Ki raba su uku-uku a rabin fili, kwando ɗaya, wasan minti 10 ko wanda ya fara kai maki 21. Ba wasan yara ba ne, tun gasar Tokiyo ake buga shi a wasannin Olamfik. A biyar-biyar yarinya mai kunya sai ta laɓe a gefe a tashi ba ta taɓa ƙwallo ba, a uku-uku kuwa ba wurin ɓuya, dole ta karɓa, ta miƙa, ta jefa. Kuma tunda rabin fili kawai kike buƙata, ki je ofishin wasanni a rubuta miki shi a jadawali, yamma biyu a mako, maza su riƙe ɗaya rabin. A rubuce fa, ba da baki ba. Sannan ki duba ƙwallayenki. Lamba 6 mata ke bugawa, in ragowar lamba 7 ta maza aka ba ku, jifarsu za ta lalace.

Maman Iman: Ni dai na ce a koma bayan asuba, kafin lacca. Ga sanyi, ga ba idon samari.

Yar Zazzau: Anti, asuba ta masu kwana a makaranta ce. Mai tasowa daga Kurna ko Hotoro fa? Wane uba ne zai bar ta fita da duhu? Malama, ki tambaye su a keɓe, wasu kayan wasan ne suka kore su. Tun 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta halatta rufe kai, dogon wando da riga mai hannu ma ba laifi. Ki nuna musu wasan D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, da Kanada a gasar Olamfik ta Paris, 2024, wanda ya kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

Nas Hauwa: Batun gwiwa kada a yi sake. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan wasa fiye da maza, galibi wajen dira ko juyawa kwatsam. Minti 15 na farko a ba ɗumama jiki da koyon dira: a sauka a kan ƙafa biyu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ta karkato ciki. Wadda tata ta kumbura ko take sassarƙewa ta bar fili, ta ga likita. Atisayen ƙarfe biyun nan kuma a soke shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Koci, in maza suka ƙi sakin rabin filin bayan an rubuta fa?

Tsohon Koci: Ki gayyaci shugaban ofishin wasannin ya zo ya hura usur ɗin farko da kansa.