Bakin gulbin Maradi: wurin shan iska ko maganin ruwa?

Ɗan Zariya (unguwa a Maradi): Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina in gwamnati ta tashi zuba kuɗi cikin Maradi to bakin gulbi ya kamata a fara gyarawa, a yi gudro tun daga ƙasan unguwar Bagalam, a sa fitilu masu aiki da rana, a yi rumfuna 'yan tireda da masu tsire su samu abin yi, kamar yadda bakin kogin Isa (Neja) yake a Yamai. Garin kasuwanci kamar namu ba mu da wurin da mutum zai kai iyali da marece.

Baba na Mokoyo: Wa alaikumus salam. Yaro, ka san abin da ya hau da Maradi bisa tudu? Garin a fadama yake tun farko, ambaliyar 1945 ta cinye shi, sannan Nasara ya sa anka tashi anka dawo sama. Kakanninmu sun gudo ma gulbi kai kana son ka maida miliyoyi cikin bakinshi.

Ɗan Zariya: Baba Allah shi ja kwana, amma wancan zamanin babu siminti babu injiniyoyi ai.

Mai lambu: Isa kake kwatantawa da gulbinmu?? Isa ruwa shekara duka, namu da damina ta wuce sai rairai da amalanken shanu masu ɗibar shi. Wa zai zo shan iska gaban rairai ga zafin watan Afrilu

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo: Ni abin da ke ba ni haushi ana ta gulbi gulbi, ruwan da ya yi mana ɓarna ƙarshen Agusta 2024 daga sama ya zubo, cikin gari ya rasa hanya, gidajen ƙasa sunka faɗi anka rasa rayuka, ni kaina katangata ta tafi muna tsaye cikin ruwa har gwiwa muna kwashe buhunan hatsi da dare. Kanibo (magudanan ruwa) muke so manya, waɗanda za su kai ruwa har gulbi ba waɗanda leda ke toshewa sati biyu ba.

Baba na Mokoyo: Allah shi kyauta Hajiya. Kuma duk ruwan nan bisa kanmu yake gangarowa mu na tsofaffin unguwanni, shi ke yanke hanya ya bar kwazazzabo.

Ɗan Zariya: To ai Hajiya ba su hana juna ba, a yi duka

Mai lambu: Da wane kuɗi ƙanena? An yi Maradi Kolliya 2015, aikin gyaran gari don bikin 18 ga Disamba, mun ga tituna mun ga gine-gine, ban ce ba a yi aiki ba, amma wanda ke noma fadama me ya shigo aljihunshi? Gulbin ga daga ƙasar Katsina yake fitowa, tun da anka yi baraj (madatsar ruwa) na Jibiya ba ya malala fadama kamar da, rijiyoyin lambu sai ƙara zurfi suke. Ku je Jiratawa ku ga abin da ruwan ban-ƙasa ke yi, zogale har Yamai ake loda shi. In za a taɓa gulbi a yi ƙananan shinge masu tsaida ruwa ya nutse ƙasa, a ɗaure gaɓa da dutse inda take zabgewa.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo: Kai ma gonarka kake ja ma ruwa malam

Mai lambu: Eh mana Hajiya, tumatirin miyarki daga ina yake?

Ɗan Zariya: Na yarda a fara ɗaure gaɓa. Amma in anka ɗaure ta ai bisanta hanya za ta bi, to a sa mani fitiluna ko goma.

Baba na Mokoyo: Ka zo cikin Agusta in nuna maka inda za ka kafa su, ka taho da kwalekwale.