Kod ya wuce gwaji, amma yana cire kuɗi sau biyu

Ɗalibin_Kod: Salamu alaikum malamai. Manhajar biyan kuɗi ce da aka rubuta da taimakon ƙirƙirarriyar basira, kuma duk gwaje-gwajenta sun wuce lafiya. Amma idan netwok ya yi rauni, sai a cire wa mutum kuɗi sau biyu. Daga ina matsalar take? Me ya hana gwajin kama ta?

Injiniya_Sabar: Wa alaikumus salam. Galibi maimaita turawa ne. Waya ta tura buƙata, sabar (kwamfutar da ke karɓar buƙatun manhajar) ta cire kuɗin, sai amsar ta ɓace a hanya. Ita waya ba ta san an gama ba, sai ta sake turawa.

Gyaransa: wayar ta ƙirƙiri lambar UUID guda (wato doguwar lambar shaida ta musamman ga wannan biyan) kafin turawar farko, ta riƙe ta a kowane maimaici. A rumbun bayanai a sa wa gurbin lambar sharaɗin UNIQUE, wanda ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu, kuma ajiye lambar da cire kuɗin su kasance aiki ɗaya, ko su tabbata tare ko su rushe tare. Idan lambar ta sake zuwa, a mayar da amsar farko kawai. Kada ka yarda da kod ɗin da zai fara duba ko lambar tana nan sannan ya rubuta, don buƙatu biyu za su iya isowa lokaci guda, kowacce ta ga babu komai. Ƙirƙirarriyar basira tana yawan rubuta irin wannan, kuma a ido tsaf yake.

Malama_Gwaji: Ƙari a kan bayanin Injiniya, idan na'ura ɗaya ta rubuta kod da gwajinsa, abin da ta manta a can shi za ta manta a nan. Rubuta wannan gwajin da hannunka: tura buƙata ɗaya sau 50 a tare, ka ƙirga layukan da suka shiga rumbun. Ɗaya ya kamata ka gani. Sannan ka katse haɗin bayan an cire kuɗi, kafin amsa ta fita. Idan da requests (kayan aikin tura buƙatu a yaren kod na Python) kake aiki, ka sani ba ya da iyakar jira sai ka sa masa da kanka.

Ɗalibin_Kod: Na gode Malama. Maimaicin fa, a cire shi?

Injiniya_Sabar: A'a, bar shi, amma da tazara: daƙiƙa 1, 2, 4, sannan ya tsaya. Duba kuma yadda aka ajiye kuɗin. Idan float ne, wato lamba mai ɗigo, 0.1 + 0.2 zai ba ka 0.30000000000000004. Ajiye shi a cikakkiyar lamba, da mafi ƙanƙantar ma'aunin kuɗin.